Sun ce in sa hannu yanzu, a gyara lissafin daga baya

Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni injiniya ne ɗan Zariya, shekaruna 48. Tun da na gama jami'a nake aiki a wuraren haƙar ma'adinai, na yi shekara 9 a Ghana, sauran kuma a ƙasashen da ke kewaye da ita. Yanzu kamfaninmu ya ce in shugabanci gina sabuwar mahaƙar zinare a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma, tun daga sharar fili har ranar da za a narka zinaren farko. Ba a taɓa ba baƙar fata wannan kujera a kamfanin ba. Damuwata ita ce lissafin da aka ajiye a gabana ya ce dala miliyan 420 cikin wata 22. Da na zauna na bi shi layi-layi, na ga aikin ba zai gaza wata 30 ba, kuɗin ma sai an ƙara kusan kashi ɗaya cikin biyar. Na gaya wa maigidana, ya ce bankuna da masu hannun jari wannan adadin suka sani, in sa hannu a karɓo rancen, in aiki ya kankama sai a gyara. Ya kuma nuna mini cewa in na ƙi, akwai Bature ɗan Ostireliya da ke jira. A gida kuma Hajiyata ta haura 80, ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Uwargida ta ce ta gaji da riƙon yara biyar ita kaɗai, ina yin mako shida a daji mako biyu a gida. Na lallashe ta da cewa wata 22 ne kawai, daga nan na dawo gaba ɗaya. An ba ni mako uku in ba da amsa. Shekara 23 nake jiran wannan dama. Mene ne abin yi?

Injiniya, daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Injiniya. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya raya zuri'a.

Ina taya ka murna, kuma da zuciya ɗaya nake yi. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a filin aiki da hular kwano a kansa, rana na dukansa, tifofi na buɗe shi da ƙura, ya san ba a kiran mutum a danƙa masa aikin dala miliyan 420 don kyan fuskarsa. Gumin shekara 23 ne ya kawo ka bakin ƙofar nan. Saboda haka kada ka zaci zan ce ka guje wa kujerar. Ina so ka hau ta, amma ba a kan wannan takardar ba.

Ka lura da abin da suke nema a wurinka cikin mako ukun nan. Gina mahaƙa sai can gaba, a yau sunanka suke so a ƙasan lissafin. Banki ba ya ba da rance don kawai an ce masa akwai zinare a ƙarƙashin ƙasa. Yana duba nawa za a kashe, yaushe zinaren farko zai fito, da nawa za a riƙa samu bayan nan. Kowane wata da ya ƙaru a kan jadawali wata ne na biyan albashi da hayar katafiloli da kuɗin ruwa, ba tare da ko sisi ya shigo ba. Shi ya sa masu ba da rance ke turo nasu injiniyan ya tantance takardun, kuma cikin abin da yake tambaya har da wanda zai riƙe aikin. In ya ga mutumin da ya shekara 23 a fagen, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ya sa hannu cewa wata 22 za su isa, hankalinsa zai kwanta. Wannan kwanciyar hankalin maigidanka yake so ya saya da sunanka, alhali kai mai sunan naka hankalin a tashe yake.

Maganar "a gyara daga baya" kuwa na sha jin ta, kuma na ga yadda gyaran yake kasancewa. Wajen wata na 14 ko na 15 kowa zai gane kuɗin ba za su kai ba. Kamfani zai koma wurin banki da ƙoƙon bara, ko ya sayar da sababbin hannayen jari a farashin wulaƙanci. Masu kuɗi za su ce a nuna musu wanda ya yi sakaci. Waɗanda suka tsara lissafin tun farko sun daɗe da komawa ofishinsu suna tsara na wani kamfanin. Maigidanka zai buɗe fayil ya nuna sa hannunka. Hirar da kuka yi ku biyu, ƙofa a rufe, babu inda aka rubuta ta.

Wannan cuta ta ci kamfanonin da suka fi naku nesa ba kusa ba. A 2016 Rio Tinto ya amince da kashe dala biliyan 5.3 don faɗaɗa mahaƙar tagulla ta Oyu Tolgoi zuwa ƙarƙashin ƙasa, a hamadar Gobi ta Mongoliya. A watan Yulin 2019 ya fito ya ce aikin zai makara da wata 16 zuwa 30, kuɗin kuma zai ƙaru da biliyan 1.2 zuwa 1.9, ya ɗora laifin a kan yanayin dutsen da aka tarar a ƙasa. Da aka sa ƙwararru masu zaman kansu suka bincika, rahotonsu na 2021 ya ce babban dalilin shi ne raunin tafiyar da aikin, ba dutse ba. A ƙarshe an kashe kimanin biliyan 7, kuma sai a watan Maris na 2023 aka fara fitar da ma'adini daga ƙarƙashin ƙasan. Su ma sun yi sa'a, tunda mahaƙar tana aiki. Ta Pascua-Lama, wadda kamfanin Barrick ya fara ginawa a ƙololuwar tsaunukan Andes, kan iyakar Chile da Ajantina, an amince da ita a 2009 a kan kimanin dala biliyan 3. Zuwa 2012 ƙiyasi ya kai biliyan 8, a 2013 aka tsayar da aiki, har yau ba ta fara fitar da zinare ba.

Abin da ya tsayar da Pascua-Lama nake so ka riƙe da kyau. Lasisinsu ya ce sai sun gama gina magudanan da za su kare koguna daga gurɓata kafin su fara yaye ƙasar da ke saman ma'adinin. Suka fara yaye ƙasa, magudanai ba su kammala ba. 'Yan ƙabilar Diaguita da ke zaune a kwarin suka kai ƙara, kotu ta tsayar da aikin a watan Afrilun 2013, hukumar muhalli ta ci su tarar kimanin dala miliyan 16, sannan a 2020 kotun muhalli ta tabbatar da rufe ɓangaren Chile ɗungurungum. Magudanar ruwa ƙaramin abu ce a kasafin biliyoyi, amma ita ta binne su.

To kai ma tambayi kanka, wata takwas ɗin nan da ke tsakanin lissafinka da nasu, daga ina za a matso su? Babban injin niƙa dutse ba ya jin lallashi. Sai an yi odarsa, a ƙera shi, abin da kan ci shekara ko fiye, a ɗoro shi a jirgin ruwa, ya kwana a hannun kwastan, sannan a ja shi ɗaruruwan kilomita a kan gadojin da ba a gina su don irin nauyinsa ba. Damina ma ba ta karanta jadawali, kuma duk watan da ka fara ƙirga wata 22, kusan damina biyu za ka tarar a ciki, ka kuwa san abin da jar ƙasa ke zama a watan Agusta. Tunda waɗannan ba su matsuwa, matsin zai sauka ne a kan abubuwan da ba a gani ranar da ake ɗaukar hoton zinaren farko: magudanan ruwa, gidajen mutanen da aka tasa daga gonakinsu, hutun leburori da waldoji da za a mayar aikin dare, da kuma dam ɗin da za a riƙa zuba dagwalon da ya rage bayan an tace zinare. Wannan dam ɗin shi ya fi ba ni tsoro. Ana gina bangonsa ne shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowace sai an danne ta an gwada kafin a ɗora wata. Mai sauri yakan kaurara shimfiɗar, ya rage gwaji, ya danne ƙasa tana jiƙe. Daga waje bangon zai yi kyau, kuma zai tsaya shekaru bayan kai ka tafi, da ƙauyuka a ƙasansa.

Ka tuna Brumadinho a Brazil. Ranar Juma'a 25 ga Janairun 2019, da tsakar rana, dam ɗin dagwalo na kamfanin Vale ya ɓalle, mutum 270 suka mutu, da yawansu ma'aikata ne da ke cin abinci a kantin mahaƙar. Dam ɗin tsoho ne, ba sabon gini ba, amma abin da ya shafe ka shi ne takardar. A watan Satumban 2018, wata huɗu kafin nan, injiniyoyin wani kamfanin Jamus mai suna TÜV SÜD sun sa hannu cewa dam ɗin lafiya lau yake. Kwanaki kaɗan bayan ɓallewar 'yan sanda suka kama waɗanda suka sa hannun, ɗaya daga cikinsu ya ce matsa masa aka yi. Matsin bai cire sunansa daga takardar ba.

Ni ma ina da tabo a wannan wuri. Shekaru da yawa da suka wuce, a wani aikin gini da ba zan ambata ba, na zauna a taro aka karanta ranar gamawa da na san ba za ta yiwu ba. Na yi shiru, don ban so a ce ni ne mai kawo cikas. Da wa'adi ya ƙarato aka koma zuba kankare dare da rana, aka kwance katakon tallafi tun dekin bai gama kamawa ba. Wani kafinta, magidanci mai 'ya'ya huɗu, bai ƙara taka ƙafarsa ba. Babu kotun da ta kira ni, babu wanda ya nuna ni da yatsa. Amma ni na san ranar da abin ya fara, a ɗakin taron nan ne.

Ka san labarin mai hatsin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya wuce a kasuwa, ya cusa hannu cikin tarin ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Bai tuhume shi don ruwa ya jiƙa hatsi ba, ya tambaye shi ne me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya yi gargaɗi mai tsanani a kan algus. Ba laifinka ba ne aikin yana buƙatar wata 30. Amma cikin masu hannun jarin nan akwai asusun fansho na mutanen da ba su san sunanka ba, kuma su ne masu sayen hatsin.

Sai dai akwai gaskiyar da ya kamata in faɗa maka: mai yiwuwa ne kai ma lissafinka ya zarce. Mu injiniyoyi muna da halin ƙara gishiri don kare kanmu, kuma wanda damina ta taɓa ba shi kunya yakan riƙa ganin laka ko da rani. Don haka kada ka shiga ofishin maigidanka kana cewa kai ne mai gaskiya. Ka ce a ba ka mako shida, a ɗauko wani kamfani daban, ba wanda ya yi binciken farko ba, ya sake bin lissafin tare da kai. Wanda zai kashe miliyan 420 ba ya rasa kuɗin mako shida.

A cikin binciken ka fara da zane. Kashi nawa na zane-zanen aka gama lokacin da aka yi ƙiyasin? Binciken yiwuwar aiki yakan yi iƙirarin cewa kuskurensa ba zai wuce kamar kashi 15 cikin 100 sama ko ƙasa ba, amma wannan sai in zanen ya yi nisa. In ba haka ba, cinta ce aka sa wa lambobi. Tun ran gini tun ran zane, in ji masu tukwane. Ka duba farashin rodi da siminti da sufuri, daga bakin 'yan kwangilar ƙasar aka karɓo su a bana, ko daga wani tsohon aiki aka kwafo? Ramukan gwaji nawa aka haƙa a daidai inda injin niƙa da bangon dam za su zauna? Galibi an haƙa ɗaruruwa a inda zinare yake, amma inda gini zai tsaya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Wa zai jawo layin wutar lantarki, in gwamnati ce, me za ku yi in ba ta kawo ba? Kuɗin ko-ta-kwana, wato abin da ake warewa don abin da ba a zata ba, wanda a wannan mataki yakan kama kashi 10 zuwa 15 cikin 100, yana nan ko an yi masa aski don adadin ya yi kyau?

Sannan ka je ƙauyukan da ƙafarka. A nan ne ka fi Baturen da ke jira. An ƙirga gidajen da za a tasa, ko daga hoton sama aka ƙiyasta? An daidaita a kan diyyar gona da bishiyoyi, an yi magana a kan maƙabarta? Samarin da ke haƙar gargajiya a filin, ina za su koma? Bankunan da ke bin ƙa'idojin IFC, reshen Bankin Duniya, ba sa yarda a taɓa fili sai an biya diyya an tsugunar da mutane, kuma zama ɗaya da dagaci da dattawa kan ci mako biyu kafin a kai ga magana. Takarda za ta ce wata uku. Ƙauye ɗaya da ya tare hanya ya isa ya tsayar da katafila 50.

Duk abin da ka gano ka rubuta shi. Shafi biyu sun isa, cikin ladabi, ba zargin kowa. Ka ba da rana uku: wadda za a gama in komai ya tafi daidai, wadda ka fi zato, da wadda za a kai in abubuwa sun cije, kowace da kuɗinta da dalilinta. Ka miƙa wa maigidanka, ka roƙi a kai ta gaban daraktoci. Kuma ka je masa da mafita, don shi ma a matse yake. Masu ba da rance sun saba da a ware wani kaso na musamman saboda hauhawar kuɗin gini, kuma neman sa yau, tun ba a fasa ƙasa ba, ya fi arha nesa da neman sa aiki na tsaka. Ana iya yin odar manyan injina tun yanzu, a fara gina gidajen ƙauyawa kafin rance ya fito, ko a raba aikin zango biyu. In ka rage masa wata uku ta hanyar da ka yarda da ita, ka taimake shi fiye da wanda ya sa hannu ya yi shiru.

In suka karɓi sabon lissafi, saura sharuɗɗanka, kuma a rubuce. Kuɗin ko-ta-kwana su kasance a hannunka. Ka sami ikon tsayar da aiki in ka ga rai na cikin haɗari ba tare da neman izinin kowa ba. Bayan Brumadinho, a watan Agustan 2020, an fitar da ƙa'idar duniya ta kula da dam ɗin dagwalo, wadda ta ce lalle a ambaci babban jami'i da alhakin dam ke wuyansa, da kuma injiniya takamaimai mai kula da zanensa da gininsa. Tambaye su ko kamfaninku na bin ta, kuma su wane ne mutanen nan biyu. In suka fara kallon juna, ka sami amsa. Ka kuma kare kanka daga abin da ba ya hannun injiniya. Mahaƙar yuraniyom ta Imouraren a arewacin Nijar an ba da lasisinta a 2009, an narka kuɗi, farashin yuraniyom ya faɗi bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, aka dakatar da aiki wajen 2014, a watan Yunin 2024 gwamnati ta karɓe lasisin. A watan Nuwamban 2024 hukumomin Mali sun tsare shugaban kamfanin haƙar zinare na Resolute da ma'aikatansa biyu a Bamako fiye da kwana goma a kan rikicin haraji. Don haka takardar ɗaukarka ta faɗi abin da za a biya ka in aka tsayar da aiki, da wanda zai ɗauki nauyin lauya in rigimar kamfani da gwamnati ta biyo ta kanka.

In kuwa suka ce ba bincike, ba gyara, sa hannu ko ka matsa, to ka matsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na san abin da ke ci maka rai, cewa kai ne baƙar fata na farko, in ka ƙi kamar ka rufe wa na bayanka ƙofa. Ni a ganina akasin haka ne. In ɗan Ostireliya ya zarce kasafi, za a ce aikin ne mai wuya, ya koma gida ya sami wani. In kai ka zarce, akwai waɗanda za su ce an gwada ɗan Afirka an gani, su yi shekara goma suna faɗa. Rashin adalci ne, amma da ni da kai mun san ana yi. Kuma kada tsoron rasa dama ya rufe maka ido. Farashin zinare ya yi tashin da ba a taɓa gani ba a 'yan shekarun nan, ana ta gina mahaƙu a yankinmu, kuma mutanen da suka iya karanta zane, suka iya zama a tabarma da dagaci, ba su da yawa.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka, ban sani ba ko kai ka lura da shi. Ka ce ka lallashi uwargida da wata 22. Injiniya, lissafin da zuciyarka ta ƙi a kai wa banki, shi ka ɗauka ka kai wa uwar 'ya'yanka. Kai ka ce 30. Ka kuma fi ni sanin cewa ranar zinaren farko ba ita ce ranar sallama ba, sai masana'anta ta kai ƙarfin da aka zana mata, an gyara abin da ya ƙi, an rufe lissafin 'yan kwangila, an miƙa wa masu gudanarwa. Ka ƙara wata shida, shekara uku ke nan cur. Ita ma rance kake nema a wurinta, na kwanakin da ba a mayarwa, kuma ta fi bankin haƙƙin jin adadi na gaskiya. Matar da ta riƙe yara biyar, ta yi jinyar zazzaɓin dare ita kaɗai, ta je makaranta an kira uba babu, tana iya ɗaukar shekara uku in ita ta zaɓa da idonta a buɗe. Abin da zai karya ta shi ne ta ƙirga wata 22 a zuciyarta, ranar ta zo ka kira a waya ka ce a ƙara haƙuri.

Haka alkawarin "na dawo gaba ɗaya". Wanda ya gama babban aiki lafiya, kafin ya kwance jaka an kira shi wanda ya fi shi. In har da gaske kake, ka faɗa mata abin da za ka yi a Zariya ko Kaduna bayan nan, da kuɗin da kake warewa dominsa. In ba ka tabbata ba, kada ka yi alkawarin.

Batun Hajiya ba zan yanke maka hukunci ba, amma ka san wanda ya zo wurin Manzon Allah neman izinin fita jihadi aka tambaye shi ko iyayensa na da rai, aka mayar da shi gare su. Shekara uku a wurin mai shekara 48 zango ne, a wurin wadda ta haura 80 kuwa Allah kaɗai ya san ko nawa ne ya rage. Ka tambaye ta da kanka, amma ka sani iyaye mata sukan ce je ka Allah ya yi albarka ko da zuciyarsu na cewa zauna. Ka sa 'yar'uwarka ko ƙanwarta ta ji maka ainihin abin da ke ranta. Ka tara 'yan'uwanka a tsara wa zai kwana da ita, wa zai kai ta asibiti, a ɗauki mai kula da ita a biya daga aljihunka, don kada duk nauyin ya koma kan uwargida a ce ai tana gida. Kuma tunda yanzu su ke neman ka, wannan ne lokacin da za ka nemi a mayar da zuwanka gida mako huɗu a daji, biyu a gida, a ba ka mataimaki ƙwararre da zai riƙe fili in ba ka nan, a kuma rubuta cewa in aka kira ka a kan Hajiya za ka kama hanya a ranar. Wanda bai nemi wannan kafin sa hannu ba, ba ya samun sa bayan an fara zuba kankare.

Ka yi istihara, ka rubuta wa maigidanka takardar neman mako shidan, sannan ka hau jirgi zuwa gida tun amsarsa ba ta zo ba. In yara sun yi barci ka ajiye waya a wani ɗakin, ka zauna da uwargida, ka ce mata wata 36 ne ba 22 ba, kuma ka san haka tun ranar da ka faɗa mata 22. Daga nan ka yi shiru ka saurari abin da za ta ce.